Fasfo ɗaya, tutoci huɗu: Birtaniya, rabon iko da asalin sunayen wasanni

Ranar 29 ga Nuwamban 2022, a filin wasa na Ahmad bin Ali da ke ƙasar Ƙatar, Ingila ta kara da Wales a gasar cin kofin duniya. Marcus Rashford ya zura biyu, Phil Foden ya ƙara ɗaya, aka tashi uku da nema. Kafin a fara taka leda kowane ɓangare ya ɗaga tutarsa ya rera takensa, na Wales ma da harshen da mutanen Landan ba sa ji. Amma waɗannan 'yan wasa fasfo iri ɗaya suke riƙe da shi. Sarkinsu ɗaya, rundunar sojansu ɗaya, fam suke kashewa a gida, kujerarsu a Majalisar Ɗinkin Duniya kuma guda ɗaya ce tak, da sunan Birtaniya.

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya taɓa jin tambayar: ta yaya ƙasa za ta buga da kanta? Me ya sa Scotland mai mutum miliyan biyar da ɗoriya take da tawagarta a FIFA, alhali Kataloniya, gidan Barcelona, wadda ta fi ta jama'a, ba ta da wannan dama? Amsar tana ratsa tarihin sarauta da na majalisa da na filin wasa, kuma duk inda aka bi abu ɗaya ake tararwa: jama'ar da ta riƙe cibiyoyinta, ta rubuta dokokinta, ta raɗa wa abinta suna, ba ta ɓacewa ko da ba ta da gwamnatin kanta.

Yadda huɗu suka zama ɗaya

Ba a rana ɗaya aka haɗa Birtaniya ba, kuma kowane yanki da hanyar da ya shigo. Wales da takobi aka same ta. Sarki Edward na Ɗaya ya murƙushe sarakunanta tsakanin 1282 da 1283, sannan dokokin zamanin Henry na Takwas, na 1535 da 1542, suka shigar da ita cikin tsarin mulki da shari'ar Ingila, har suka sharɗanta cewa sai mai amfani da Turanci zai riƙe muƙami. Abin da ya rage wa mutanen Wales shi ne harshensu, shi suka rungume.

Scotland kuwa ta hanyar gado da yarjejeniya ta shigo. Da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta rasu a 1603 ba ta bar magaji ba, sarkin Scotland, James na Shida, ya gaji gadon sarautar Ingila. A 1707 aka haɗe majalisun ƙasashen biyu a Landan, amma da sharaɗi: Scotland za ta ci gaba da dokokinta da kotunanta da cocinta da jami'o'inta. Har gobe lauyan da ya ƙware a Landan ba ya zama lauya a Edinburgh sai ya sake neman cancanta, kuma bankunan Scotland suna buga tasu takardar fam.

Ireland aka shigar a 1801. Bayan yaƙin neman 'yanci na 1919 zuwa 1921, gundumomi 26 daga cikin 32 na tsibirin suka fice suka kafa tasu ƙasar a 1922. Shida da ke arewa maso gabas, inda masu son zama da Birtaniya suke da rinjaye, suka rage. Su ne Ireland ta Arewa.

Saboda haka lokacin da wasannin zamani suka fara samun tsari a ƙarni na 19, gwamnati ɗaya ce a Landan, amma mutumin Glasgow bai taɓa ɗaukar kansa Ba'ingile ba.

Sun riga FIFA zuwa duniya

Ranar 26 ga Oktoban 1863 wakilan wasu ƙungiyoyi suka taru a wani masauƙi da ake kira Freemasons' Tavern a Landan domin su daidaita dokokin ƙwallo, suka kafa hukumar FA. Shekara tara bayan nan, ranar 30 ga Nuwamban 1872, aka buga wasan ƙasa da ƙasa na farko a tarihin ƙwallon ƙafa a Glasgow, tsakanin Scotland da Ingila, aka tashi babu ci. A wancan lokacin babu wata ƙasar waje da ta iya wasan har a gayyace ta, sai maƙwabta suka gwada ƙwanji a tsakaninsu. Scotland ta kafa hukumarta a 1873, Wales a 1876, Ireland a 1880. A 1886 hukumomin huɗu suka kafa kwamitin IFAB don su riƙa wasa da doka ɗaya.

Sai a 1904 aka kafa FIFA a birnin Paris, babu ko ɗaya daga cikinsu a wurin. Sabuwar hukumar tana buƙatar masu wasan na asali fiye da yadda suke buƙatarta, don haka ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Sun fice har sau biyu, ba su halarci gasar kofin duniya uku na farko ba, suka dawo a 1946 da matsayinsu na dabam. Har yau ƙuri'a takwas ce a IFAB: huɗu na FIFA a madadin sauran duniya, huɗu na Ingila da Scotland da Wales da Ireland ta Arewa, kuma ba a canza dokar wasa sai da shida. Duk wata sabuwar doka da alƙalin wasa yake aiki da ita a Kano ko Yamai, sai da ta bi ta wannan teburin.

Wannan gata ne na wanda ya riga, kuma masu shi sun san haka. Shi ya sa da za a haɗa tawagar Birtaniya guda don wasannin Olamfik na Landan a 2012, hukumomin Scotland da Wales da Ireland ta Arewa suka ƙi amincewa, don tsoron kada wata rana a ce tunda sun iya haɗuwa sau ɗaya, su haɗu har abada. Tawagar maza ta fito da 'yan Ingila da 'yan Wales kaɗai, Ryan Giggs yana kyaftin.

Kowane wasa da nasa taswirar. A Olamfik Birtaniya ɗaya ce. A kurket Ingila da Wales hukuma ɗaya gare su. A zari-ruga tsibirin Ireland baki ɗaya tawaga ɗaya yake fitarwa, alhali a ƙwallon ƙafa biyu ne tun bayan rabuwar tsibirin. Cardiff da Swansea da Wrexham ƙungiyoyin Wales ne amma a gasar Ingila suke bugawa, har Cardiff ta ɗauki kofin FA a 1927. FIFA tana da mambobi 211, Majalisar Ɗinkin Duniya tana da 193, domin yankuna irin su Hong Kong da Gibraltar da Tsibiran Faroe suna da tawaga ba tare da 'yancin kai ba. Zanzibar mai shugabanta da majalisarta a cikin Tanzaniya ta nema ba ta samu ba.

Inda sunayen suka fito

Taron 1863 bai ƙare lami lafiya ba. Kafin shi kowace makaranta da yadda take buga ƙwallonta, kuma duk sunansu ɗaya a Turanci, football. Makarantar garin Rugby ta rubuta nata dokokin tun 1845, inda aka yarda mutum ya ɗauki ƙwallo ya ruga da ita. Da masu rinjaye a taron suka haramta gudu da ƙwallo a hannu da harbin ƙaurin abokin karawa, ƙungiyar Blackheath ta fice. A 1871 masu wannan ra'ayi suka kafa tasu hukumar, wasan ya ɗauki sunan garin. Labarin da ake bayarwa cewa wani ɗalibi, William Webb Ellis, shi ya fara ɗaukar ƙwallo ya ruga a 1823, masana tarihi ba su same shi da hujja mai ƙarfi ba, duk da haka sunansa ne a kan kofin duniya na wasan.

Tunda an sami ƙwallo biyu, dole a bambance su. Ɗaya ta zama ta Rugby, ɗaya ta hukuma, wato association. Ɗaliban Oxford na ƙarshen ƙarni na 19, masu ɗabi'ar gutsure kalmomi, suka mai da su rugger da soccer. Kalmar soccer da Turawan Ingila suke yi wa Amurkawa gori a kanta yau, daga bakin kakanninsu ta fito. Ta zauna ne a ƙasashen da wani wasan ya riga ya mallaki sunan football: Amurka da Kanada masu ƙwallon hular kwano, Ostireliya da ta rubuta nata dokokin a Melbourne a 1859, da Ireland. Italiyawa kuwa suka koma ga wani tsohon wasan birnin Florence suka ɗauko calcio, hukumarsu ta sa shi a sunanta a 1909.

Wasu wasannin sunan wuri suka ci. Badminton gidan wani basarake ne, Duke na Beaufort, a yankin Gloucestershire, ko da yake hafsoshin Birtaniya sun buga wasan a garin Poona na Indiya. Gudun fanfalaki na marathon sunan wani gari ne a Girka inda aka gwabza yaƙi da Farisawa shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonsa na kilomita 42.195 kuma daga Olamfik na Landan na 1908 aka gaje shi. Wasu daga kayan aiki suka samu suna. A 1891 James Naismith, malamin motsa jiki a Springfield ta Amurka, ya rataye kwandunan 'ya'yan itace biyu ya ce a jefa ƙwallo ciki. Polo, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya runguma har ya zama gadon gidansa, daga kalmar ƙwallo ya fito a harshen Balti na tsaunukan arewacin Pakistan.

Bahaushe da waɗannan wasanni suka iso masa bai damu da garin Rugby ko gidan basarake ba. Ya dubi abin da ake yi ya faɗa: ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon raga, ƙwallon tebur, zari-ruga. Dambe da kokawa da langa kuwa nasa ne tun asali, babu wanda ya raɗa masa.

Wanda yake ganin suna ba komai ba ne ya dubi Ireland. A 1884 aka kafa ƙungiyar GAA a garin Thurles don raya wasannin gargajiyar Irish, a daidai lokacin da harshensu yake ja da baya. Ta tsara tata ƙwallon ta kira ta ta Gaelic, ta kuma hana 'ya'yanta buga wasannin da ta ɗauka na baƙi, haramcin da sai a 1971 aka ɗage. A filinta na Croke Park da ke Dublin jami'an tsaron Birtaniya suka buɗe wuta ana tsakiyar wasa ranar 21 ga Nuwamban 1920, mutum 14 suka mutu. Sai a 2007 tawagar zari-rugar Ingila ta buga a wannan fili, aka rera takenta jama'a suna tsaye cikin natsuwa. A can, irin ƙwallon da yaro yake bugawa ya daɗe yana nuna gidan da ya fito da ra'ayin siyasar iyayensa.

Ƙasa dabam, al'umma dabam

A dokar ƙasa da ƙasa ma'aunin a fili yake. Yarjejeniyar Montevideo ta 1933 ta lissafa abu huɗu: jama'a mazauna, yanki sananne, gwamnati, da ikon hulɗa da sauran ƙasashe. A wannan sikeli Birtaniya ce ƙasa, Scotland ba ƙasa ba ce.

Al'umma kuwa ba ta auno da haka. Idan harshe ne, Suwizalan tana da huɗu a hukumance amma 'yan ƙasarta suna jin su ɗaya ne, Larabawa kuma suna da harshe ɗaya a ƙasashe fiye da ashirin. Idan gwamnati ce, Kurdawa miliyoyi ne a Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya ba su da ƙasar kansu, kuma babu mai musun cewa al'umma ne. Masanin Faransa Ernest Renan, a laccar da ya gabatar a jami'ar Sorbonne a 1882, ya ajiye jini da harshe da addini a gefe, ya tsaya a kan abu biyu: tarihin da jama'a suka yi tarayya a cikinsa, da yardarsu ta yau cewa za su ci gaba da zama tare, yardar da kullum sai an sabunta ta.

Ita yardar tana buƙatar wurin zama. A Scotland ta zauna a kotu da coci da makaranta da filin ƙwallo na Hampden. A Wales ta zauna a harshe, wanda ƙidayar 2021 ta nuna mutum kimanin 538,000 suna magana da shi, da kuma jar rigar tawagarsu. Scotland ta yi kusan shekara 300 ba ta da majalisa, amma tun daga 1872 tana da 'yan wasa goma sha ɗaya da suke fita da sunanta.

Ikon da aka miƙa

A 1979 aka fara tambayar jama'a ko suna son majalisun yankuna. Mutanen Wales suka ƙi da kusan kashi 80 cikin ɗari. A Scotland masu so sun yi rinjaye da kashi 51.6, amma doka ta ce sai sun kai kashi 40 na dukkan masu rajista, ba su kai ba. Shekara 18 na mulkin jam'iyyar Conservative, wadda yawancin mutanen yankunan biyu ba su zaɓa ba, suka sauya tunani. A Satumban 1997, ƙarƙashin Tony Blair, kashi 74.3 na masu ƙuri'a a Scotland suka amince. A Wales da ƙyar aka tsallake, da ratar ƙuri'a 6,721 kacal. Ireland ta Arewa ta samu tata majalisar ta hanyar yarjejeniyar sulhu ta 10 ga Afrilun 1998, bayan rikicin kusan shekara 30 da ya ci rayuka kimanin 3,500.

Daga 1999 majalisun yankunan uku, a Edinburgh da Cardiff da Belfast, suka karɓi ragamar lafiya da ilimi da noma da gidaje da ƙananan hukumomi. Tsaro da harkokin waje da shige da fice da kuɗin ƙasa suka rage a Landan. Ba a raba daidai wa daida ba: Scotland da Ireland ta Arewa suna riƙe da 'yan sanda da kotuna, Wales ba ta riƙe da su. Talaka ya ga bambanci a aljihunsa. Wales ta soke kuɗin maganin da likita ya rubuta a 2007, Ireland ta Arewa a 2010, Scotland a 2011, a Ingila kuwa ana biya har yanzu. Ɗalibin Scotland ba ya biyan kuɗin karatu a jami'o'in yankinsa. Lokacin annobar korona a 2020 kowane yanki da dokar kullensa.

Majalisun sun kuma faɗaɗa ma'anar ɗan gida. A Maris na 2023 Humza Yousaf, Musulmi haifaffen Glasgow wanda mahaifinsa ya zo daga Pakistan, ya zama shugaban gwamnatin Scotland, a ƙarƙashin jam'iyyar da ke neman 'yancin yankin. A Ireland ta Arewa yarjejeniyar 1998 ta ba kowa damar zama ɗan Birtaniya ko ɗan Ireland ko duka biyun, kuma gwanin golf Rory McIlroy, ɗan yankin, ya wakilci Ireland a Olamfik.

Sai dai Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Majalisar Westminster da ke Landan ce ta ba da wannan iko da dokarta, kuma a tsarin Birtaniya babu dokar da ta fi ƙarfin majalisa. Ta taɓa rufe tsohuwar majalisar Belfast a 1972. Sabuwar ma ta sha tsayawa, daga 2002 zuwa 2007, daga 2017 zuwa 2020, da daga 2022 zuwa Fabrairun 2024, domin an gina ta a kan cewa masu son zama da Birtaniya da masu son haɗewa da Ireland sai sun yi mulki tare, ɗaya ya janye komai ya tsaya. Scotland ta yi ƙuri'ar raba gardama kan 'yanci ranar 18 ga Satumban 2014 da izinin Landan, kashi 55.3 suka zaɓi zama. A 2016 kashi 62 na masu ƙuri'arta suka so ci gaba da zama a Tarayyar Turai, amma rinjayen Ingila da Wales ya fitar da kowa. Da ta nemi sake ƙuri'ar 'yanci, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2022 cewa ba ta da hurumi sai Westminster ta yarda.

Ingila kanta, mai kusan kashi 84 na jama'ar ƙasar, ba ta da majalisar yanki. Tun 1977 ɗan majalisa Tam Dalyell ya tambaya: don me wakilin Scotland zai kaɗa ƙuri'a kan makarantun Ingila, alhali wakilin Ingila ba shi da ta cewa kan na Scotland? Har yau ba a sami amsar da ta gamsar ba. Da aka yi wa arewa maso gabashin Ingila tayin majalisa a 2004, kusan kashi 78 suka ƙi. Inda jama'a ba su ɗauki kansu al'umma dabam ba, majalisa ƙarin 'yan siyasa kawai suke ganinta.

Abin da ya shafe mu

Birtaniyar nan ce ta haɗe Arewa da Kudu a 1914 ta kira su Nijeriya, ita ce kuma ta kawo mana ƙwallon. Mun bi ta yankuna uku, zuwa jihohi 12 a 1967, zuwa 36 a 1996, da ƙananan hukumomi 774. A takarda mun fi Scotland kariya, domin tsarin mulki ne ya kafa jihohinmu, kuma ba a gyara shi sai da yardar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. A aikace kuwa yawancin jihohi Abuja suke duba kowane wata, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Gyaran 2023 da ya ba jihohi damar shiga harkar lantarki da jiragen ƙasa mataki ne mai kyau, muhawarar 'yan sandan jihohi kuma tana nan. A Nijar, gasar kokawar takobi da aka faro a 1975 tana tara jihohi takwas, kowace da gwarazanta da makaɗanta, kuma babu wanda ya taɓa cewa ta raba ƙasar.

Fiye da shekara 25 da miƙa iko, Birtaniya ba ta wargaje ba, masu neman ɓallewa kuma ba su yi shiru ba, sai dai gardamar ta koma akwatin zaɓe da zauren kotu. Wannan babbar riba ce ga ƙasar da ta binne dubban mutane a Ireland ta Arewa. Haɗin kan ƙasa ba ya buƙatar kowa ya manta sunansa, kuma iko ya fi amfani idan yana kusa da wanda zai iya tuhumar mai riƙe da shi. Masu neman a sakar wa jihohi da ƙananan hukumomi mara suna da gaskiya, amma su nemi a rubuta rabon a fili, da kuɗinsa da iyakarsa. Mu kuma da za a miƙa ikon a ƙofarmu, wajibi ne mu san abin da ya shigo asusun jiharmu da ƙaramar hukumarmu, mu tambayi inda ya tafi.